Na ƙara haske, kuskure ya ƙaru

Ummin Naraguta: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Don Allah a agaza min, yau kwana uku ina fama da abu ɗaya. Aikin digirina na biyu a kan na'urorin karɓar saƙon haske ne, irin waɗanda ake so su bambance hasken leza mai rauni ƙwarai. Na rubuta lissafin na'urar Kennedy a kwamfuta, na zana jadawali. A ka'ida in an ƙara haske kuskure raguwa yake yi. Nawa yana sauka har wajen fotan 1.3 a kowane bugu (fotan shi ne ƙwayar haske mafi ƙanƙanta), ya tsaya a kashi 1.6 cikin 100, daga nan sai ya juya ya kama hawa. A fotan 5 ya kusa kashi 5. Na bi layi-layi ban ga inda na yi ɓarna ba, kuma Litinin zan kai wa malamina.

Ɗan Farin Gada: Wa alaikumus salam. Kennedy kuma? Wanda aka harbe a Amurka?

Ummin Naraguta: Yaya don Allah ba wasa nake ba.

Malam Babba: Wa alaikumus salam. Wani Kennedy ne daban, Robert Kennedy na jami'ar MIT, a 1973 ya kawo tsarin. Ummi, kafin mu taɓa lissafin, nawa kika sa a dacewar haɗuwar hasken biyu, na saƙo da na mai karɓa? Cif-cif kika bar shi, ko kin rage?

Ummin Naraguta: Na sa 0.99 Malam. An ce in sa abin da ya yi kama da na ɗakin gwaji.

Malam Babba: To lissafinki lafiyarsa ƙalau. Kada ki gyara komai. Abin da kika gani shi ne zuciyar aikin naki.

Baban Walid: Malam ranka ya daɗe, a ja mu a hankali. Ni sakandare nake koyar da fiziks a Bukuru, rabona da kwantum tun ina aji uku a jami'a. Mece ce matsalar tun daga tushe? Haske biyu daban-daban, me zai hana a bambance su?

Malam Babba: Madalla da tambaya. Ka san luguden daka, mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Igiyar haske ma tana da irin wannan takun. Mai aika saƙo yana da leza ɗaya, ƙarfi ɗaya, launi ɗaya. In yana nufin 0 ya turo hasken da takunsa yadda yake, in yana nufin 1 ya juya takun, inda ake sauka ya koma tashi. Aikin mai karɓa ya faɗi wanne aka turo.

In hasken da yawa ne babu wata magana. Wahalar tana zuwa ne in saƙon ya yi doguwar tafiya, abin da ya iso bai wuce fotan ɗaya ko biyu a kowane bugu ba. Leza ba ta ƙirga fotan ta ba ka daidai kamar mai sayar da ƙwai. In aka ce matsakaicin fotan 1 ne, sau 37 cikin 100 bugun zai iso fayau, babu ko ɗaya a ciki. A yaren kwantum, yanayin 0 da yanayin 1 sun shiga juna, ba su rabu sarai ba. Duk yanayi biyun da suka shiga juna kuwa, babu awon da zai raba su ba tare da kuskure ba. Ba talaucin kayan aiki ba ne, haka halittar take.

Carl Helstrom shi ya lissafa mafi ƙarancin kuskuren da zai yiwu, tun a ƙarshen shekarun 1960, ya tattara a littafinsa na 1976. A fotan 1, iyakar Helstrom kuskure 46 ne cikin 10,000. Ko wa ya ƙera na'urar, ko nawa ya kashe, ba za ta sauka ƙasa da haka ba.

Injiniyan Faiba: Malam da girmanka, ni fa shekara goma sha ɗaya ina haɗa faiba a Abuja, daga Wuse har Gwarinpa, ban taɓa jin wani Helstrom ya hana kowa intanet ba. Abin da ke hana mutane intanet shi ne katafila ta tone waya, ko ƙura ta hau bakin kanekta. Shekaranjiya wani kamfanin gini ya datse mana layi wuri biyu, har ƙarfe ɗayan dare muna cikin rami da tocila a baki.

Malam Babba: Sannu da aiki Injiniya. Na'urar da ke ofishinku, har ƙarfin haske nawa take iya ji?

Injiniyan Faiba: Irin ta layin gidaje, -28 dBm. Ƙasa da haka sai ta fara rigima.

Malam Babba: Wato kamar mikrowat 1.6. A launin 1310, wato haske mai tsawon igiya nanomita 1310, wannan fotan wajen tiriliyan 10 ne a daƙiƙa. Raba da saurin layin, bit biliyan 1.25, za ka samu fotan kusan 8,000 a kowane bit. Kai mai buhu ne, Ummi kuma da ƙwayar gero ɗaya take ciniki. Shi ya sa ba ku taɓa haɗuwa da Helstrom a hanya ba.

Injiniyan Faiba: To ai shi ke nan, a sa amfilifaya. Mu a dogon layi duk bayan kilomita 80 ko makamancin haka akwai ta. Faiba tana cin 0.2 dB a kilomita, in ka ce Jos zuwa Abuja kilomita 300 ne, 60 dB ke nan, ɗaya cikin miliyan ke isa. Ba don amfilifaya ba da tuni mun koma aika wasiƙa ta tashar mota.

Hajiyar Lab: Injiniya amfilifaya ba ta zuwa ita kaɗai, da 'yar rakiyarta take tafe. Duk wadda ke ƙara ƙarfin haske ba tare da la'akari da takunsa ba dole ta zuba hayaniyarta a ciki, aƙalla 3 dB in ƙarin mai yawa ne. Carlton Caves ya nuna haka a 1982. A shekarar ce kuma Wootters da Zurek, da Dieks shi ma a nasa ɓangaren, suka nuna ba a iya kwafar yanayin kwantum da ba a sani ba. Da ana iyawa ai da an huta: ka buga kwafi dubu na fotan ɗin, ka auna a tsanake. Kuna cin ribar amfilifaya ne saboda kuna sa ta tun hasken yana da ƙarfi. In ya riga ya rame ya koma fotan ɗaya, ƙara masa ƙarfi ba ya raba abin da ya riga ya shiga juna.

Ɗan Farin Gada: Hajiya ta shigo, kowa ya gyara zama.

Baban Walid: Na gane iyakar. To shi Kennedy me ya yi?

Malam Babba: Ɗan Farin Gada, tunda kana kusa da 'yan dankali, kai za ka fi ganewa. In za a auna kaya a cikin daro, ai sai a fara ɗora daron babu komai, a mayar da allurar sikeli kan sifiri. Daga nan duk motsin da allura ta yi, kaya ne.

Haka Kennedy ya yi. Mai karɓa yana da tasa lezar, mu kira ta hasken gida. Sai ya ƙaddara cewa 0 aka turo, ya haɗa saƙon da hasken gida mai kishiyar taku. In da gaske 0 ne, su biyun su kashe juna, duhu ya rage. In 1 ne, maimakon su kashe juna sai su haɗa kai, tsayin igiyar ya ninka biyu, ƙarfinta ya ninka huɗu. A bayansu an ajiye na'urar ƙirga fotan. Ta yi ƙyas, ka ce 1. Ta yi shiru, ka ce 0. Wuri ɗaya kawai za ka yi kuskure: 1 aka turo amma bugun mai ƙarfi huɗu ya zo fayau. Yiwuwar haka e^-4N ce, inda N shi ne matsakaicin fotan a kowane bugu, rabin lokaci kuma 1 ake turowa, don haka kuskuren rabin wannan ne. A fotan 1, 92 cikin 10,000. Ninki biyun na Helstrom.

Ɗan Farin Gada: Sikelin wasu kuwa ko daron babu komai allurar tana kan rabin kilo.

Malam Babba: Wallahi da wasa ka faɗi amsar Ummi.

Ummin Naraguta: Tsaya Malam. Wato 0.99 ɗin nan ne?

Malam Babba: Ɗauki biro. In dacewar ba ta cika ba, duhun ba ya zama duhu. Abin da ke ragewa shi ne 2N sau abin da ya yi gibi, wato 0.01 ɗin da ke tsakanin 0.99 da 1. A fotan 1, ragowar 0.02 ce, ba ta da yawa. A fotan 5 ta zama 0.1, kuma 0.1 na nufin na'urar za ta yi ƙyas kusan sau 1 cikin 10 alhali 0 aka turo. Ita ba ta san fotan na ragowa da fotan na saƙo ba, ƙyas ɗaya ta ji ta yanke hukunci. Kina ƙara hasken saƙo, dole ki ƙara hasken gida, ragowar ma tana ƙaruwa. Kuskuren farko yana mutuwa, na biyu yana girma.

Ummin Naraguta: Innalillahi. Kwana uku ina zagin kwamfutata a banza. Ɗan hakin da ka raina.

Hajiyar Lab: Kuma 0.99 ɗin da kike gani a takarda kamar ba komai, je ki nemo shi a kan tebur. Lokacin da nake karatu a waje na yi wata huɗu a kan irin wannan haɗin. Haske biyun sai sun dace a faɗi, a siffa, a launi, a lokacin isowa, a karkatar igiya, sannan a taku. Ka murɗa sukurun madubi kamar mai zare ƙaya, allo ya nuna 0.98, ka saki numfashi, wani ya buɗe ƙofar ɗakin iskar waje ta shigo, ka ga layin yana gangarawa a gaban idonka. Mita ɗaya na faiba in zafinsa ya canza da digiri ɗaya, tafiyar hasken a ciki tana canzawa da tsawon igiya shida zuwa takwas. Mu kuwa ɗan ɓangaren igiya ɗaya muke tsaro. Ku ƙiyasta wannan a Jos cikin Disamba, sanyin asuba da zafin azahar.

Injiniyan Faiba: Yawwa, yanzu aka zo unguwarmu. Ashe ku ma ƙura da zafi ne ke ba ku wuya.

Baban Walid: To wai da me ake gwada ta? Ummi ta ce kuskure ya ƙaru, amma wace na'ura ce ta fi ta?

Malam Babba: Homodain, ko 'yar'uwarta heterodain. Danginsu ne ke cikin manyan layukan su Injiniya masu gudun gigabit 100 zuwa sama. Ita ba ta ƙirga fotan. Tana haɗa saƙon da hasken gida mai ƙarfi sosai a madubin raba haske, ta auna ɓangarorin biyu da fotodayod guda biyu, masu mayar da haske wutar lantarki, ta debe wannan daga wancan. Sakamakon ya karkata sama, 0. Ya karkata ƙasa, 1. Kuskurenta shi ake kira iyakar kwantum ta gama-gari. A fotan 1 kuskure 228 ne cikin 10,000. Ku jera su: Helstrom 46, Kennedy marar aibi 92, homodain 228.

A takarda Kennedy ta yi mata fintinkau, kuma tazarar tana buɗewa in haske ya ƙaru. A fotan 5, homodain tana kuskure kamar 4 cikin miliyan, Kennedy marar aibi 1 cikin biliyan. Amma ta Ummi mai 0.99 tana yin 48,000 cikin miliyan. Ita homodain rashin dacewa bai cika damunta ba, domin hasken gidan da bai dace ba yana faɗawa fotodayod biyun daidai wa daida, ɗebewar ta share shi. Abin da za ta yi asara bai wuce kamar kashi 2 cikin 100 na saƙon ba.

Ummin Naraguta: Na ɗora layin homodain a kan jadawalin yanzu. Tawa tana ƙasa da ita ne kawai daga wajen fotan 0.43 zuwa 1.1. Kafin nan homodain ce a gaba, bayan nan ma ita ce.

Malam Babba: Ga taken babinki nan. 'Yar taga ce.

Baban Walid: Abin da ya ɗaure min kai shi ne na ƙasan. Na bayan na gane, ragowa ce. Me ya sa a haske kaɗan ma homodain ta fi?

Malam Babba: Domin a can ko an ninka huɗu bugun yawanci fayau yake zuwa. A fotan 0.2, Kennedy marar aibi tana kuskure kashi 22 cikin 100, homodain 19, Helstrom 13. Wannan kam an samo maganinsa. Takeoka da Sasaki na Japan sun nuna a 2008 cewa in ka ɗan zarce da hasken gida, ba ka tsaya a kashewa cif-cif ba, za ka wuce homodain a kowane ƙarfi, muddin kayan ba su da aibi. Su ne kuma suka tabbatar da cewa a irin wannan saƙo mai fuska biyu, duk dabarar da za ka yi da madubai da matse haske da awo irin na homodain, ba za ka fi homodain ɗin kanta ba. Sai ka shigo da ƙirga fotan.

Mai Shayin Gangare: Ni dai karatu nake ina dama madara. Tambayata ɗaya: akwai wanda ya taɓa kai wa ga shi Helstrom ɗin, ko dai iyaka ce irin ta sararin sama, ana gani ba a taɓawa?

Malam Babba: A takarda an kai. Sam Dolinar, shi ma a MIT, shi ma 1973. Dabararsa ita ce kada ka yanke zato ɗaya ka zauna a kai har bugun ya wuce. Ka fara da zaton 0 kana kashe shi. Da ka ji ƙyas, ka juya zato zuwa 1, ka juya hasken gida nan take. Ka sake jin ƙyas, ka koma 0. Ƙarfin hasken gidan ma yana sauyawa a tsawon bugun bisa wani lissafi. Zaton da bugun ya ƙare kana kai shi ne amsarka. In komai ya cika, wannan tana sauka daidai kan iyakar Helstrom, ba sama ba ƙasa.

Sai 2007 aka gwada ta a ɗakin gwaji, Cook da Martin da Geremia a jami'ar New Mexico. Shekara 34.

Injiniyan Faiba: Bari in yi muku nawa lissafin. Haske a faiba yana cin nanosakan 5 a kowane mita, wutar lantarki a kebul ma kusan haka. A gigabit 1, bugu ɗaya nanosakan 1 ne. Wato in wayar da ta taso daga mai ƙirga ta koma wurin mai juya haske ta kai santimita 20, kafin labarin ƙyas ya isa bugun ya riga ya wuce. Ko tsawon tafin hannuna da yatsu. Ban ma sa lokacin da na'urar za ta yi tunani ba.

Hajiyar Lab: Daidai ne, shi ya sa gwaje-gwajen irin wannan da dogayen bugu ake yinsu, na mikrosakan da yawa. Ga kuma wani abu: mai ƙirga fotan in ta yi ƙyas sai ta ɗan suma kafin ta farfaɗo, duk fotan da ya zo a lokacin ya wuce a banza. Wani lokacin ma ta farfaɗo ta sake yin ƙyas na ƙarya saboda ragowar cajin na baya. Sannan lissafin Dolinar, in 0 da 1 yiwuwarsu ɗaya ce, yana neman hasken gida marar iyaka a farkon bugu. Wace leza ce za ta ba ka wannan? Dole a datse.

Amma ni a ganina duk waɗannan ƙananan alhaki ne a kan babbar matsala, wato kamawa. Ummi, nawa kika sa?

Ummin Naraguta: Ɗari bisa ɗari Hajiya. Na ce in fara da mai sauƙi.

Hajiyar Lab: To ji. In mai ƙirga tana kama rabin fotan ne kawai, e^-4N ɗin nan ya koma e^-2N, wanda shi ne saurin saukar homodain. Duk fifikon ya tafi. Na'urorin InGaAs da ake samu na launin 1550, yawanci kashi 10 zuwa 25 suke kamawa. Sa 20 a fotan 1 ki gani, kuskure kashi 22 cikin 100, homodain tana 2.3. Fotodayod ɗin homodain kuwa kama sama da kashi 90 ba abin mamaki ba ne a wurinta, a zafin ɗaki, da araha.

Masu kamawa da kyau su ne na siririyar waya mai sufakondakta. A NIST, cibiyar ma'auni ta Amurka, sun kai kashi 93 a 2013, sun kai 98 a 2020. Amma sai an sanyaya su zuwa 'yan digiri kaɗan na Kelvin, wajen -270 a ma'aunin Salshiyas, injin sanyin yana aiki dare da rana.

Ɗan Farin Gada: Dare da rana? A nan? Firjin gidanmu ma kabad ya koma, har albasa muke ajiyewa a ciki.

Injiniyan Faiba: To ni a nan nake tsayawa. Na'ura mai tsada, mai son sanyi, mai jinkiri, mai fushi in an buɗe ƙofa, kuma ribarta 'yar taga daga rabin fotan zuwa ɗaya. Wannan kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A ba yarinya aikin da zai samar mata abin yi.

Malam Babba: A layinka ba ta biya ba, ban musa ba. In kana da wurin dasa amfilifaya, dasa. Amma akwai inda babu wurin. A Oktoban 2023 NASA ta harba kumbon Psyche ɗauke da na'urar sadarwar leza. A Disamba ya turo bidiyon wata kyanwa daga nisan kilomita miliyan 31, a gudun megabit 267 a daƙiƙa. Madubin hangen Hale da ke Palomar a Kalifoniya, mai faɗin mita 5, shi ya karɓa, da irin waɗannan na'urorin masu sanyi a bayansa. Tsakanin can da nan wa zai haƙa maka rami ya sa amfilifaya?

Hajiyar Lab: Malam a yi min afuwa, kada a fahimce ka a karkace. Abin da NASA ta yi ba Kennedy ba ne, ba Dolinar ba. Saƙon a lokacin isowar bugu suka ɓoye shi: a raba lokaci gida-gida, gidan da hasken ya faɗo shi ne harafin. Ƙirga fotan ne tsagwaronsa, babu hasken gida, babu tsaron taku. Sun zaɓi haka ne domin hasken da ya ratso iskar duniya takunsa a wargaje yake isowa. Wato ko su da kuɗinsu sun kauce wa wahalar da muke magana.

Malam Babba: Gyara ya yi, na karɓa. Misalin ya nuna inda fotan ke tsada ne, bai nuna nasarar Dolinar ba.

Injiniyan Faiba: Alhamdulillahi, yau na ga an ci Malam gyara.

Malam Babba: Ba yau aka fara ba, ita ce ke duba min takarda kafin in aika. Amma kada ka yi saurin murna. A 2011 Tsujino da abokansa a Japan sun wuce iyakar homodain a saƙo mai fuska biyu da na'ura mai sanyi, ba tare da sun yafe wa kansu asarar kamawa a lissafi ba. A 2013 Becerra da abokansa a NIST sun yi haka da saƙo mai fuska huɗu, wato taku iri huɗu maimakon biyu, suna sauya zato a cikin bugu irin na Dolinar. A fuska huɗu tagar ta fi faɗi, domin a can na'urar gargajiya sai ta raba hasken biyu ta auna ɓangare biyu, rabawar kuma tana da farashi.

Baban Walid: Wata tambaya ta gefe. Dole ne na'urar ta ba da amsa kowane lokaci? Ɗalibina in bai sani ba na fi son ya bar wurin fari da ya yi min canki-canka.

Malam Babba: Malamai ma sun ce "ban sani ba" rabin ilimi ne. Akwai wannan tsarin, Ivanovic a 1987, Dieks da Peres a 1988. Na'urar tana da amsa uku: 0, 1, ko ban sani ba. In ta ce 0 ko 1 ba ta kuskure sam. Farashin shi ne yawan ban sani ba, kuma shi ma yana da ƙasan da ba ya wucewa, e^-2N a misalinmu. A fotan 1, sau 14 cikin 100 za ta ɗaga kafaɗa. Ko ka karɓi kuskure 46 cikin 10,000, ko ka karɓi shiru 1,400 cikin 10,000. A sadarwar sirri ta kwantum wannan raunin shi ne jarin, tsarin Bennett na 1992 a kansa ya tsaya: mai saƙon ya watsar da ban sani ba ya riƙe sauran, ɓarawon da ya tsaya a hanya kuma ba shi da yadda zai karanta duka bai bar sawu ba.

Mai Shayin Gangare: Allah mai iko. Rashin iyawa ma ya zama kwaɗon ƙofa.

Hajiyar Lab: Ummi ki sa layi biyu a gabatarwa cewa Helstrom iyakar bugu ɗaya ce. Yawan saƙon da layi zai iya ɗauka gaba ɗaya iyakar Holevo ce, ta 1973 ita ma, kuma ko Dolinar marar aibi ba ta kai can, sai na'urar da ke auna bugu da yawa a haɗe. Kada ki shiga ciki, wani digirin ne.

Yanzu gwada wannan. Maimakon ƙyas ɗaya ya isa hukunci, ki ba na'urar ikon ƙirga adadi. A fotan 5, in 0 ne ragowar 0.1 ce, in 1 ne kusan fotan 20 ke zuwa. Tsakanin 0.1 da 20 ai akwai fili. Ki ce sai ta ga 2, ko 3, ko 4 kafin ta ce 1.

Ummin Naraguta: To Hajiya, minti biyar.

Ɗan Farin Gada: Mai Shayi, kafin ta dawo a soya min ƙwai biyu, fotan-fotan.

Ummin Naraguta: Kai! A 2 ya faɗo zuwa kamar 2,300 cikin miliyan. A 3, wajen 78. A 4, 3.7. A 5 ya sake hawa. Daga 48,000 zuwa 3.7, kuma ban taɓa dacewar ba.

Malam Babba: Homodain kuma?

Ummin Naraguta: 3.9.

Injiniyan Faiba: Duk wannan gumin, kunnen doki?

Hajiyar Lab: Kunnen doki a 0.99. Ta sa 0.998 ta gani, ana samun haka a ɗakunan gwaji masu kyau. DiMario da Becerra sun gwada wannan dabarar ta ƙirga adadi a 2018, don maganin irin ragowar nan. Sai dai na'urar da ke ƙirga adadi da kyau, irin ta TES, ta fi waccan son sanyi, wajen kashi ɗaya cikin goma na digirin Kelvin, ga ta da jinkiri.

Malam Babba: Kafin 0.998, ki sauke kamawar zuwa kashi 90 tukuna. Ɗari bisa ɗari babu ita a kasuwa.

Ummin Naraguta: Ya koma 11 cikin miliyan. Homodain ta wuce.

Malam Babba: Wace homodain? Marar aibi kika bari. Ki yi adalci, ita ma ki sa mata 90. A babin ki zana layin biyu, ki faɗi wanne kike gwadawa da shi, don nan ne masu jarrabawa ke kama mutane.

Ummin Naraguta: Na sa. Ita ma 11.

Injiniyan Faiba: Hahaha. Malam a raba musu ladan kawai.

Ummin Naraguta: An ɗauke wuta a Anguwan Rogo, kwamfutar tana kashi 6. Na 0.998 sai da safe in Allah ya kai mu. Hajiya zan turo miki jadawalin ta akwati ki duba min sunayen layukan, har yanzu ban san me zan kira ragowar nan da Turanci a babin ba.

Hajiyar Lab: Turo. Ki haɗa da lambobin, ba hoton kawai ba, kuma ki adana fayil ɗin kafin ta mutu.

Mai Shayin Gangare: Ɗan Farin Gada ƙwanka ya huce, kuma da bashin jiya.